Tarihin Alan Turing, Ɗalibin Da Ya Share Wa Kwamfuta Hanya

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo muku tarihin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Alan Mathison Turing, wanda masana suka haɗu a kan cewa yana cikin mutanen farko da suka aza harsashin ilimin kwamfuta. Duk wanda ya taɓa buga wasiƙa a kwamfutar ofis, ko ya cire kuɗi a na'urar banki, ko ya aika saƙo ta wayar hannu, to ya ci moriyar wani tunani da wannan mutum ya rubuta a shekarar 1936, tun bai cika shekara 24 da haihuwa ba.

Ban da girman aikinsa, abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne yadda waɗanda aka ɗora a kansa suka riƙa auna shi. Shekara 41 kacal ya yi a duniya, kuma kusan duk inda ya shiga, makaranta ce ko ma'aikatar gwamnati, sai an sami wani babba ya ɗauki alƙalami ya rubuta hukunci a kansa, daga baya kuma zamani ya nuna cewa an yi gaggawa. Tun da yake yawancin masu karanta wannan mujalla ko dai malamai ne masu rubuta rahoton ɗalibai, ko kuwa ma'aikata masu rubuta ra'ayi a fayil ɗin na ƙasa da su, ina ganin labarin ya shafe mu.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alan ranar 23 ga Yuni, 1912, a birnin Landan. Mahaifinsa, Julius Turing, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a yankin Madras na ƙasar Indiya, irin aikin nan da su Di'o da Razdan suka yi a ƙasarmu. Mahaifiyarsa kuwa, Ethel Sara, 'yar babban injiniyan jirgin ƙasa ce na Madras. A wancan zamani Turawan mulki ba sa son renon 'ya'yansu a ƙasashen zafi, saboda haka aka bar Alan da wansa John a hannun wani tsohon hafsan soja da matarsa, a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinsu ba ya ganin su sai ya zo hutu, mahaifiyar kuma tana kai da komo tsakanin ƙasashen biyu.

Tun yana ƙarami aka lura hankalinsa ya karkata ga lambobi da gwaje-gwaje. Yana da shekara 10 aka ba shi wani littafin kimiyya na yara wanda wani Ba'amurke ya rubuta, inda aka kwatanta jikin ɗan Adam da inji mai sassa daban-daban, kuma daga baya ya shaida wa mahaifiyarsa cewa littafin nan ne ya buɗe masa ido ga kimiyya. Da iyayensa suka bar Indiya suka koma zama a arewacin Faransa, in ya je hutu sai ya shige ɗakin ƙasa na gidan yana haɗa sinadarai, har yana tatsar aidin daga ciyawar teku.

ZAMANSA A SAKANDARE

A watan Mayu na 1926, yana da shekara 13, aka ɗauke shi a makarantar Sherborne, wata tsohuwar sakandaren kwana ta maza a lardin Dorset. Ranar komawa makaranta ta yi daidai da babban yajin aikin gama-gari na Birtaniya, jiragen ƙasa duk sun tsaya cik. Da jirgin ruwa ya sauke shi a Southampton daga Faransa, sai yaron nan ya sayi taswira, ya hau kekensa shi kaɗai, ya yi tafiyar mil 60, ya kwana ɗaya a wani masauki a hanya, washegari ya isa makaranta. Abin ya ba mutane mamaki har jaridar yankin ta ba da labarinsa.

To amma wannan farin jini bai daɗe ba. Makarantu irin Sherborne an kafa su ne don horar da waɗanda za su zama hafsoshi da masu mulki, saboda haka abin da ake girmamawa shi ne Latin da Girkanci da wasanni, kimiyya kuwa ana ganin ta ƙaramin abu. Rahotannin ƙarshen zango na Alan, waɗanda har yanzu suna ajiye a ma'adanar makarantar, cike suke da ƙorafi: rubutunsa ba ya karantuwa, aikinsa ba tsabta, tawada ta ɓata masa takarda da tufafi, ya kan ba da amsar lissafi ba tare da ya nuna yadda ya same ta ba. A Turanci da Latin yana can ƙasan aji. Shugaban makarantar, Nowell Smith, ya rubuta wa iyayensa cewa in dai kimiyya kaɗai yaron zai sa a gaba, to ɓata lokacinsa yake yi a irin wannan makaranta. Saura kaɗan ma a hana shi zama jarrabawar kammala sakandare, don ana tsoron zai faɗi. Da aka bar shi ya zauna a 1928 kuwa, sai ya ci.

A daidai lokacin da ake rubuta waɗannan rahotanni, yaron yana wani karatu da ba a sa shi ba. Yana da shekara 15 ya gano wani ƙa'idar lissafi da ba a koyar da ita sai a manyan azuzuwa, daga baya kuma ya karanta littafin Einstein, ya rubuta wa mahaifiyarsa bayaninsa a ɗan littafi. Wani matashin malamin lissafi mai suna Donald Eperson ne ya gane irin ɗalibin da yake da shi, ya ƙyale shi ya bi hanyarsa, yana taimaka masa sai in ya nema.

A makarantar ne kuma ya sami aboki na farko da ya fahimce shi, wato Christopher Morcom, wanda ya girme shi da shekara ɗaya, kuma shi ma gwani ne a lissafi da ilimin taurari, ga tsabtar aiki. Don ya kamo abokin nan Alan ya fara gyara rubutunsa da mai da hankali a aji. A Disambar 1929 suka tafi tare Jami'ar Kembirij neman gurbin karatu kyauta, Morcom ya samu, Alan bai samu ba. Wata biyu bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, 1930, Morcom ya rasu sakamakon tarin fuka na shanu da ya ɗauka daga madara tun yana yaro. Rashin nan ya girgiza Alan ƙwarai. Ya shafe shekaru yana rubuta wa mahaifiyar marigayin wasiƙu, kuma daga nan ne ya fara zurfafa tunani a kan yadda hankali yake da alaƙa da ƙwaƙwalwa, tambayar da bai rabu da ita ba har mutuwarsa.

KEMBIRIJ DA INJIN DA AKA ZANA A TAKARDA

Da ya sake zama jarrabawar ya sami gurbi a Kwalejin King's ta Kembirij, ya shiga a Oktoban 1931, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi a 1934. A 1935, yana da shekara 22, aka zaɓe shi cikin majalisar malaman kwalejin. Makarantar nan da ta ce yana ɓata lokacinsa ta ba ɗalibanta hutun rabin yini don murna.

A shekarar ne ya halarci laccar wani malami mai suna Max Newman, inda ya ji wata tambaya da babban masanin lissafi na Jamus, David Hilbert, ya gabatar a 1928. Tambayar ita ce: ko akwai wata tsayayyiyar hanya, wadda mutum zai bi mataki-mataki ba tare da ya yi amfani da basira ba, ta gaya masa ko kowace magana ta lissafi tana da hujja ko ba ta da ita? Kafin a amsa wannan, dole a fara sanin me ake nufi da tsayayyiyar hanya, kuma a nan ne Turing ya yi abin da ya bambanta shi da sauran.

A wancan zamani in Bature ya ce kwamfuta, mutum yake nufi, wato akawun da aikinsa shi ne ya zauna da fensir da takarda yana buga lissafi bisa umarnin da aka ba shi. Turing ya zuba wa aikin akawun nan ido, ya tambayi kansa abin da yake yi a zahiri. Sai ya ga abubuwa kaɗan ne: yana duba alama a takarda, ya rubuta wata ko ya goge, ya matsa gaba ko baya, kuma yana riƙe da inda ya tsaya a cikin umarnin. Daga nan ya zana wani inji a tunaninsa. Injin yana da doguwar takarda siririya kamar tef ɗin tela, an raba ta gida-gida, kowane gida yana ɗaukar alama ɗaya. Yana da kai mai karanta gida ɗaya a lokaci ɗaya, yana kuma da jadawali da ke gaya masa cewa in ya ga alama kaza yana cikin hali kaza, to ya rubuta kaza, ya matsa dama ko hagu. Ya kawo hujjoji cewa duk lissafin da akawu zai iya yi ta bin ƙa'ida, wannan ɗan inji zai iya yin sa.

Mataki na biyu ya fi na farko muhimmanci. Turing ya lura cewa jadawalin kansa ana iya rubuta shi da alamomi a kan takardar. Ke nan ana iya ƙera inji guda ɗaya wanda in aka ba shi jadawalin kowane inji, zai karanta ya yi aikin wancan injin. Wannan shi ne asalin abin da muke kira manhaja a yau, kuma shi ya sa waya guda take lissafi, ta ɗauki hoto, ta kama rediyo, ba tare da an canza mata ko ƙusa ɗaya ba. Sannan ya yi amfani da injin ya amsa wa Hilbert tambayarsa da cewa babu irin wannan hanya. Ya tabbatar da cewa ba za a taɓa samun injin da zai duba kowane jadawali ya faɗi tun da wuri ko injin da ke bin sa zai taɓa buga wata alama da aka ambata ba. Ashe tun kafin a ƙera kwamfuta ta farko, ya riga ya nuna iyakar da ba za ta wuce ba.

Yana gab da miƙa maƙalarsa a 1936 sai labari ya zo cewa wani masani a Amurka, Alonzo Church, ya riga shi kai wa ga wannan amsa ta wata hanya daban. Newman ne ya tsaya masa, ya rubuta wa Church da kuma Ƙungiyar Masana Lissafi ta Landan, ya nuna musu cewa hanyar ɗalibinsa sabuwa ce, ta cancanci a buga. Aka buga maƙalar a ƙarshen shekarar, Turing kuma ya tafi Jami'ar Princeton ya yi digirin digirgir a hannun Church ɗin, ya gama a 1938. Shahararren masanin nan John von Neumann ya yi masa tayin aiki a can, amma ya zaɓi ya koma gida, ga kuma yaƙi yana ƙaratowa.

YAƘIN DUNIYA NA BIYU

Ranar 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus ta Hitila, Turing ya kama aiki a Bletchley Park, wani babban gida a arewa da Landan inda gwamnati ta tara masu warware saƙonnin asiri na abokan gaba. Sojojin Jamus suna aika umarninsu ta rediyo, kowa na iya kamawa, amma sun riga sun mai da shi zaurance da wata na'ura mai suna Enigma. Na'urar ta yi kama da tafireta a cikin akwatin katako. In an danna harafi, wuta ta bi ta cikin faya-fayi uku masu juyawa da wasu wayoyi da ake soke-sokewa a gaba, sai fitila ta haska wani harafi daban. Duk dannawa ɗaya sai faifai ya juya, saboda haka harafi ɗaya ba ya fita da kama ɗaya sau biyu a jere bisa wata ƙa'ida mai sauƙi. Hanyoyin saita na'urar sun kai adadin da in za a rubuta shi sai an jera lambobi 21, kuma kullum ana canza saitin.

Ba Turing ne ya fara karya Enigma ba. Masanin lissafi ɗan ƙasar Polan, Marian Rejewski, shi ya fara a 1932, kuma a Yulin 1939 mutanen Polan suka miƙa wa Birtaniya da Faransa duk abin da suka gano. Amma Jamusawa sun ƙara wa na'urar wuya, ana buƙatar sabuwar dabara. Turing ya dogara da abu biyu. Na farko, soja mutum ne mai maimaita magana, kamar rahoton yanayi da ake aikawa kowace safiya da kalmomi iri ɗaya, saboda haka ana iya cankar wani yanki na saƙon. Na biyu, Enigma ba ta taɓa mai da harafi ya zama kansa, wanda ke taimakawa a gane inda yankin da aka canka ya dace. Sai ya tsara wata na'ura mai suna Bombe, wadda tsayinta ya haura mutum, nauyinta kusan tan ɗaya, tana bin saiti ɗaya bayan ɗaya da sauri tana watsar da duk wanda ya ci karo da kansa, ta bar 'yan kaɗan a gwada da hannu. Ta farko ta fara aiki a Maris na 1940, abokin aikinsa Gordon Welchman ya ƙara mata wata dabara da ta ninka amfaninta, kuma kafin yaƙi ya ƙare an ƙera fiye da 200.

Turing ya shugabanci sashen da ake kira Bukka ta 8, mai kula da saƙonnin sojojin ruwa, waɗanda suka fi na kowa wuya. Birtaniya tsibiri ce, abincinta da manta ta ruwa suke zuwa, ga jiragen Jamus masu nutso suna nitsar da jiragen kaya a Tekun Atilantika. Har jiragen da ke ɗauke da gyaɗa da kuza daga ƙasarmu, waɗanda ke taruwa a Freetown ta Saliyo kafin su yi ayari zuwa Ingila, cikin wannan haɗari suke bi. Daga tsakiyar 1941, bayan an ƙwato wasu takardu daga jiragen Jamus, Bukka ta 8 ta fara karanta saƙonnin, aka riƙa karkatar da ayarin jirage daga inda ake yi musu kwanto. A Fabrairun 1942 Jamusawa suka ƙara faifai na huɗu, aka koma cikin duhu har Disamba, sai da aka samo wasu takardu daga wani jirgi mai nutso da ke nitsewa, aikin da sojojin ruwan Birtaniya biyu suka rasa rayukansu a cikinsa.

Akwai wani abu da ma'aikatan gwamnati za su gane nan take. A 1941 aikin nan mai ceton rayuka yana tsayawa saboda ƙarancin masu buga tafireta da ƙananan akawuna, an rubuta buƙata ta bi ofis-ofis ba amsa. Ranar 21 ga Oktoba Turing da abokan aikinsa uku suka tsallake shugabanninsu suka rubuta wa Firayim Minista Winston Churchill kai tsaye. Da wasiƙar ta isa hannunsa, nan take ya ba da umarni a ba su duk abin da suke so kafin kowa, a kuma kawo masa rahoto cewa an yi.

Abokan aikinsa sun san shi da wasu halaye na daban. Ya kan ɗaure kofin shayinsa da sarƙa a jikin bututun ɗumama ɗaki don kada a ɗauke, in lokacin furanni ya zo kuma ya kan hau keke sanye da takunkumin kare iskar guba saboda atishawa. A 1941 ya yi baiko da wata abokiyar aikinsa masaniyar lissafi, Joan Clarke, amma ya janye kafin aure. Ya kamata kuma a gyara wani kuskure da ya yaɗu: babbar na'urar lantarki mai suna Colossus da aka yi amfani da ita a Bletchley, injiniyan gidan waya Tommy Flowers ne ya ƙera ta, don wata na'urar Jamus daban. Da yaƙi ya ƙare an ba Turing lambar girma ta OBE, amma ba a faɗi dalili ba, domin duk wanda ya yi aiki a wurin ya yi rantsuwar riƙe sirri.

BAYAN YAƘI

A Oktoban 1945 ya koma Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa da ke Teddington, inda aka ɗora masa tsara kwamfuta ta gaske. A Fabrairun 1946 ya gabatar da cikakken tsarin wata na'ura mai suna ACE, wadda za ta ajiye umarninta a cikin ƙwaƙwalwarta kamar yadda ya zana a 1936. An amince da tsarin, amma aka shiga jan ƙafa a kan wanda zai ƙera ta, shi kuwa rantsuwar sirri ta hana shi gaya musu irin na'urorin da ya riga ya gani suna aiki a lokacin yaƙi. Da ya gaji ya ɗauki hutun shekara ɗaya, ya rubuta wa cibiyar rahoto a 1948 a kan yadda inji zai iya koyo, har da zanen wasu sassa masu kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Daraktan cibiyar, Sir Charles Darwin, jikan mashahurin masanin nan, ya kwatanta rahoton da insha'in ɗan makaranta, aka ajiye shi a fayil, ba a buga shi ba sai bayan kimanin shekara 20. Ƙaramin samfurin ACE bai fara aiki ba sai a Mayun 1950, Turing ya riga ya bar wurin.

A wannan tsakani ne ya shahara a gudun ya-da-ƙanin-wani. A 1947 ya gama tseren mil 26 cikin awa 2 da minti 46, wato minti 11 kacal tsakaninsa da wanda ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 1948.

Newman ne ya sake jawo shi, wannan karo zuwa Jami'ar Manchesta, inda injiniyoyi Freddie Williams da Tom Kilburn suka tayar da kwamfuta ta farko mai ajiye umarni a ƙwaƙwalwar lantarki ranar 21 ga Yuni, 1948. Turing ya zama mataimakin darakta na sashen, ya kuma rubuta littafin jagora ga masu tsara wa na'urar umarni. A Oktoban 1950 ya buga maƙalarsa da aka fi karantawa, a mujallar falsafa mai suna Mind. Ya ga cewa gardama a kan ko inji yana tunani ba ta ƙarewa, sai ya kawo gwaji a madadinta: a sa alƙali yana musayar rubutu da ɓangare biyu da ba ya gani, ɗaya mutum ɗaya inji, a ga ko zai iya bambance su. Ya jero suka guda tara da za a iya yi wa ra'ayinsa ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ba da shawarar cewa maimakon a cusa wa inji ilimin babba, gara a ƙera shi kamar yaro a koyar da shi. Masu aikin ƙirƙirarriyar basira na zamaninmu wannan tafarki na koyarwa suka bi.

A 1951 aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya. A 1952 kuma ya shiga wani fage daban, ya buga maƙala a kan yadda halitta ke samun zane a jikinta. Ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke cuɗanya suna yaɗuwa da sauri daban-daban za su iya haifar da ɗigo-ɗigo ko zane-zane daga inda babu komai, irin abin da ake gani a jikin damisa ko jakin dawa. Sai a 1990 wasu masana a Faransa suka ga irin wannan zane ya bayyana a ɗakin gwaji kamar yadda ya faɗa.

SHARI'ARSA DA MUTUWARSA

A Janairun 1952 ɓarawo ya shiga gidansa da ke Wilmslow, kusa da Manchesta, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. A cikin bincike ya faɗa musu da bakinsa cewa akwai tarayya ta namiji da namiji tsakaninsa da wani matashi wanda ta hanyarsa ɓarawon ya san gidan. Wata dokar Ingila ta 1885 ta haramta wannan, saboda haka mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Ranar 31 ga Maris aka gurfanar da shi, bai musa ba. Newman da Hugh Alexander, abokin aikinsa na Bletchley, sun tsaya a kotu sun ba da shaidar halinsa, amma ba wanda ya isa ya faɗi abin da ya yi wa ƙasarsa. Aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da ɗaurin talala tare da allurar sinadarin mata na shekara ɗaya. Ya zaɓi allura don ya ci gaba da bincikensa, ta kuwa canza masa jiki. Gwamnati ta janye masa izinin taɓa aikin sirri.

Ranar 8 ga Yuni, 1954, mai yi masa aikin gida ta tarar da gawarsa a gado, da ragowar tuffa a gefe. Likitoci suka tabbatar ya mutu tun ranar 7 ga wata sakamakon guba mai suna sayanayid, saura kwana 16 ya cika shekara 42. Binciken hukuma ya yanke cewa shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa ba ta yarda ba, ta tsaya a kan cewa haɗari ne, domin yana amfani da gubar a gwaje-gwajen da yake yi a gida, kuma ta san shi da sakaci tun yana yaro. Ta rubuta littafin tarihinsa a 1959 ba tare da ta san ainihin aikin da ya yi a lokacin yaƙi ba.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sirrin Bletchley bai fara fitowa fili ba sai a 1974. Sir Harry Hinsley, wanda ya yi aiki a wurin kuma ya rubuta tarihin leƙen asirin Birtaniya na hukuma, ya ƙiyasta cewa aikin wurin baki ɗaya ya rage wa yaƙin aƙalla shekara biyu. Tun 1966 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM take ba da lambar yabo mafi girma a fagen da sunan Turing. A 2009 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafara a madadin gwamnati bisa yadda aka yi masa, a Disambar 2013 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa, a 2021 kuma aka sa hotonsa a takardar fam 50. Makarantar Sherborne ma ta sa wa ginin ɗakunan gwajinta na kimiyya sunansa. Duk wannan ya zo ne bayan mai shi ya daɗe da barin duniya.

Malamanmu da 'yan'uwana, in aka bi tarihin nan za a ga cewa waɗanda suka ce rubutunsa ba tsabta ba ƙarya suka yi ba, haka yake. Abin da ya kuɓuce musu shi ne abin da ke cikin rubutun. Waɗanda suka amfane shi, suka kuma amfani duniya ta hanyarsa, 'yan kaɗan ne: Eperson da ya ba shi sarari a aji, Newman da ya karanta maƙalarsa har ƙarshe ya rubuta wasiƙa dominsa, da Churchill da ya amsa takarda bai bar ta ta kwana a tire ba. A cikinmu yau akwai firinsifal, akwai darakta, akwai mai duba jarrabawa, kuma kowannenmu yana da wani yaro ko ƙaramin ma'aikaci da takardarsa ke jiran ra'ayinsa. Ina roƙon mu daure mu karanta ta har ƙarshe kafin mu sa hannu.